Mai Faci da Ƙafafun Kujeru

In ka bi ta kwanar da motoci ke juyawa, za ka ga wata rumfar kwano, tsofaffin tayoyi jibge a gabanta, ga baho cike da baƙin ruwa inda ake tsoma tif a nemo huda. Mai rumfar shi ake kira Mai Faci, har 'ya'yansa in ka tambaye su sunan ubansu sai sun ɗan yi tunani. Gajere ne, hannuwa kamar faskare, ga kafiya kamar ta mutanen farko. Direba zai kawo masa taya ta yage kamar tsumma, ya ce, "Wannan kam sai bola." Shi kuwa sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Kai ne dai bolar. Ajiye ta, je ka ka dawo."

To, Allah ya ba shi 'yar auta mai baki kamar reza. Tana ƙarama wani zazzaɓi mai zafi ya tafi da rabin jinta, aka sa mata na'ura a bayan kunne. A ɗaki, ku biyu, ka faɗi ɗaya ta mayar maka da uku. A aji kuwa malama ta kira ta har ta gaji, Auta na kallon taga. Sai magana ta bazu: yarinyar nan tana ji sarai, taurin kai ne irin na ubanta.

Wata rana shugaban makaranta ya aika a kira shi. Ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu, ya ƙi zama don kada ya ɓata kujera.

"Baban Auta, mun yi iya ƙoƙarinmu. Akwai makarantar kurame ta kwana, can ta fi dacewa da ita."

"Ranka ya daɗe, yarinyar da jiya ta ji ni ina raɗa wa uwarta inda na ɓoye alewa? Ita za a ɗauke min a kai uwa duniya?"

"A gida ke nan. Ni maganar aji nake yi."

"To ajin naku ne ba shi da lafiya."

Ya faɗa ne don haushi kawai, bai san me yake nufi ba. Shi ya sa ya goya Auta a keke suka koma asibitin kunne inda aka sa mata na'urar. Wata ma'aikaciya ta zaunar da ita a wani ɗaki shiru, tana faɗin kalma Auta na maimaitawa, ko tuntuɓe babu. Sannan ta kunna muryoyin mutane suna surutu, ta ci gaba da faɗa. Nan take Auta ta fara raba ido, tana cafko ɗaya biyu na zubewa.

"Baba, zo ka ji da kanka," in ji ma'aikaciyar. Ta haɗa na'urar da wata roba ta sa masa a kunne, ta ja kujera a ƙasa. Mai Faci ya zabura har hularsa ta faɗi.

"Ka ji ko? Kunnenka yana tsince muryar da yake so ya bar saura. Na'ura kuwa ba ruwanta, duk abin da ta samu ƙara shi take yi."

Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya shiga ajin ya zauna a baya, gwiwoyi har haɓa, yara na ƙunshe dariya. Ya rufe ido ya saurara. Kujerun ƙarfe a kan siminti, kowane yaro ya motsa sai ƙiii. Fanka na kaɗa kai tana ƙwas-ƙwas. Ta taga babura na zuba ham. Malama kuma, baiwar Allah, allo take wa bayani, ta ba yara ƙeya.

Ranar da babu karatu ya zo da buhun tsofaffin tif da wuƙa. Maigadin makaranta a wurinsa yake facin keke, don haka ya yi kamar bai gan shi ba. Mai Faci ya yanka tif siri-siri, ya naɗe ƙafar kowace kujera tam, ya hau tebur ya ɗaure fanka. Ya ja kujera, shiru. Ya koma gida yana tafiya kamar wanda ya ci yaƙi.

Abin da ya manta, ya taɓa zama yaro. Ka ba yara maza robar tif mai laushi haka? Ranar da aka koma karatu, kafin tashi sun warware ta kaf, kowa ya ɗaura danƙo. Aka harbi ƙadangare, aka harbi juna, wani gwani ya sami gilashin ofishin shugaba.

"Wa ya ba ka izinin taɓa kayan makaranta?" in ji shugaba, da ya sa aka kira masa Mai Faci.

"Ranka ya daɗe, wa ya ba kujera izinin yi wa 'yata ihu a kunne? Gilashi ni na jawo, ni zan sa. Amma robar nan sai ta koma."

"Ba za ta koma ba!"

"Za ta koma."

Ta kuwa koma. Wannan karon gefen tayar babbar mota ya yanko, mai taurin da ko ƙato ba ya iya ja, ya huda, ya ɗaure da waya. Malama ce da kanta ta buɗe masa ajin, tana riƙe masa kujera yana ɗaurewa. Ta dawo da Auta layin gaba, nesa da taga, ta kuma koya wa kanta juyowa kafin ta yi magana, ko da yake takan manta.

Shugaba dai bai sauko ba, don an taɓa masa girma. Bayan 'yan makonni ya shigo ajin, Mai Faci na tsugune a bakin ƙofa yana gyaran wata waya da ta kwance. Shugaba ya tsaya ya ba Auta baya, yana gaya wa malama ƙasa-ƙasa cewa maganar canjin makaranta tana nan.

Auta ta ɗaga hannu.

"Malam, in maganata ake yi, a juyo a kalle ni. Ta baya ba na samu."

Aji ya yi tsit, tsit ɗin da ba a taɓa ji ba a ɗakin nan. Shugaba ya juyo a hankali. Ya maimaita, wannan karon a gabanta, sai dai muryar ta ragu.

"Yanzu na ji," in ji Auta. "Ba inda za ni. Nan ne ajinmu."

Malama ta ajiye alli ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar min ita. Ka tambaye ta duk abin da muka yi makon nan."

Bai tambaya ba. Ya dubi yarinya, ya dubi uban da ke murɗa waya kamar ba da shi ake ba, ya ce, "Gado ba karambani ba." Da zai fita ya tsaya a ƙofa.

"Baban Auta, aji na gaba da za ta shiga baɗi, su ma kujerun ƙarfe ne."

"Na riga na ƙirga su, ranka ya daɗe," in ji Mai Faci, ko kai bai ɗago ba.