Murfin Tayar Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Argungu ya san ba ya amsa sallamar mai mota sai ya gama da tayoyinsa. Za ka fito kana miƙa hannu, shi ko ya durƙusa yana leƙen murfin taya, wannan faifan da ake rufe tsakiyar ƙafar mota da shi. In ya gamsu ya miƙe ya ce, "Maraba, maraba!" In bai gamsu ba sai ka ji, "Kai dai Allah shi kyauta." Yayan mahaifiyata ne, dillalin albasa, kuma shi ya riƙe ni tun ina ƙarama, don haka na sha kallo.

Motarsa tsohuwar 'yar Jamus ce, irin ta manya, murafanta na ƙarfe masu nauyi. Ko ina ya tsaya sai ya ɓalle su duka huɗu ya zuba a buhun albasa ya shiga da su, wai ɓarayi. Har masallacin Juma'a! Rannan ana tsakiyar huɗuba wani ya taka buhun, ƙarar ta tashi kamar an zubar da kwanukan amarya. Bayan sallah aka ce masa, "Haba Alhaji, takalmanka ma a waje ka bar su."

Ya ce, "Takalman roba? Wanda yaɗ ɗauka ya taimake ni."

Amininsa na duniya shi ne Baba Bulus, mutumin Filato, Kirista, da ya yi aikin gwamnati a Birnin Kebbi ya yi ritaya ya zauna a Gwadangaji. Sayen shinkafa ya haɗa su, mota ta ƙulla su. Motar Baba Bulus kamfani ɗaya da ta Kawu, sai dai sabon yayi ce, murafanta na roba masu sheƙi. Kawu kullum yana zaginsu, "Wanga ai hwaranti na!" Amma ni na san yana sonsu, don in sun zauna hira idonsa na kansu.

Da bikina ya matso, dab da Kirsimeti, sai Kawu ya fito da maitarsa fili. Ya ce ɗiyarsa ba za ta shiga Birnin Kebbi da tsohon yayi ba. Baba Bulus kuwa zai tafi gida hutu, kuma ashe shi ma ya daɗe yana sha'awar na ƙarfen. Suka yi musaya, a kan in ya dawo kowa ya karɓi nasa. Makanike ya gaya musu gaskiya, ya ce shekarun motocin ba ɗaya ba ne, maƙalan sun bambanta, za su zauna amma ba za su kama ba. Kawu ya cire takalmi ya bubbuga kowanne ya ce, "Ga shi sun kama. Kai dai ba ka da ƙarhi."

Ranar kai amarya ya rantse ba mai tuƙa masa mota. Shi kuwa tuƙin Kawu, mai keke yana wuce shi, don haka sauran motoci suka yi gaba suka bar mu, daga ni sai Inna Hajo matarsa da ƙawata. Muna zuwa wajen Ambursa muka faɗa wani rami, sai ji muka yi fyuu! Murfin baya ya fice, ya gangara, ya shige fadamar shinkafa. Jama'a, Kawu ya tsaya, ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya faɗa cikin taɓo. Ina cikin lulluɓi ina kukan rabuwa da gida, zafi ya ishe ni, har kukan ya ƙare na koma leƙe.

Inna Hajo ta ƙwala masa kira, "Alhaji! Ango na jira!"

Ya ce, "Ango shi yi haƙuri, amarya ba ta ɓacewa. Wanga ko aro na!"

Bai samu ba. Ya dawo da taɓo har gwiwa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce duk wadda ta gaya wa Bulus bai yafe ba.

Daga nan abin ya daina zama wasa. Kawu mutum ne da bai taɓa mayar da kayan aro da tawaya ba, kunya ta kama shi. Ya bi 'yan gwangwan masu sayar da tsofaffin kayan mota na Birnin Kebbi da Sakkwato, bai samu irinsa ba. Ya koma ajiye mota da tayar nan a jikin bango ko ina ya je, ko da sai ya yi ta juyi yana tare hanya. Har murfin babbar tukunyar Inna Hajo ya sace ya kai aka huda aka ɗaure da waya. Ta gan shi a ƙofar gida ta riƙe baki.

"Alhaji, murfin tukunyata ne wannan?"

"Ke mi kis sani ga mota?"

"Ban san mota ba, amma ga tabon miyar kuka nan."

Mafi muni, ya daina zuwa Gwadangaji. In Baba Bulus ya kira waya sai ya ce a ce yana gona. Abin mamaki, shi ma Baba Bulus bai matsa ba, daga baya ma ya daina kira. Sallah ta zo ba a kai masa nama ba, Kirsimeti ta zo ba a aiko mana shinkafa ba. Mutane suka fara ƙananan maganganu, wai ko addini ne ya shiga tsakani. Wallahi abin ya ci min rai, don na san a kan bikina aka yi, ga kuma alkawarin da aka ɗaure ni da shi. Haka aka kwashe shekaru.

Da ciwo ya kwantar da Kawu a asibiti a Birnin Kebbi, na ga yadda ya rame, tsoro ya kama ni kada ya tafi a haka. Na hau Keke Napep na tafi Gwadangaji. Ban faɗi sirri ba, na ce kawai, "Baba, abokinka ba lafiya." Ko hula bai tsaya ɗauka ba.

Ya shigo ɗakin ya tsaya daga bakin ƙofa kamar mai laifi. Kawu ya juya fuska bango. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Bulus, ka gahwarce ni. Murahwanka ukku sunka rage. Guda na hwadamar Ambursa."

Baba Bulus ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "Alhaji, shi ne ka guje ni? Ni na ɗauka labari ne ya kai maka. Naka tun a hanyar Jos suka fice. Biyu suka rage."

Kawu ya juyo da sauri har ledar ƙarin ruwa ta girgiza. "Biyu? Na ƙarhe? Bulus, biyu kab ɓatar?"

"Biyu, Alhaji."

"Ashe ni ab bisa gaskiya! Shekarun ga duka ina ɓoyo, ashe ni ka binka guda!"

Suka kama dariya, tsofaffi biyu, har nas ta leƙo ta ce a rage murya. Ni kuwa na fita baranda na zauna na yi kuka mai daɗi, na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Tun daga ranar Baba Bulus bai yi fashin zuwa ba, shi ke ba shi kunu a baki suna gardamar wanda ya fi wani ganganci. Yana riƙe da hannun Kawu ranar da ya cika.

Ya Allah, ka san Kawu Ilu da taurin kai, ka kuma san kunyar amana ce ta sa shi ɓuya. Mun gode maka da ba ka ɗauke shi yana gudun amininsa ba. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa ya huta. Baba Bulus kuma ka ba shi haƙuri, don shi aka bari da kewa. Amin.