Cinyoyin Ragon Inna a Firjina

Shekarar da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, rago ɗaya aka yanka a gidanmu na Kabo, shi ma Inna ce ta kiwata shi da dusa da harawa. Burinta naman ya kai ranar cika-ciki, wata guda bayan layya, lokacin da yayyena mata ke zuwa da 'ya'yansu. A shekarar ba mai sa ran wani naman.

Ni kuwa ban daɗe da fara aikin duba-gari a Gwarzo ba. Ga kaki mai guga, ga tsohon firji da na saya, sai nake jin duk ilimin tsafta a kaina ya ƙare.

Da na je gida da layya, na tarar da Inna tana suya. Takan bar nama a kitsensa har ruwan jikinsa ya ƙone, ta zuba gishiri da citta da kanumfari da masoro da tafarnuwa, ta juye a tukunyar ƙasa, ta malala kitse ya toshe samansa. Hannu mai danshi ba ya shiga tukunyar nan, ko na Baba ne.

Na ce, "Inna, damina ce fa. Ƙwayoyin cuta za su lalata shi. Ki ba ni in sa a firji."

Ta ce, "To, Malam duba-gari, su ƙwayoyin naka kanumfari suke ci?"

Na nace, har Baba ya sa baki. Ta miƙo mini cinyoyi biyu ɗanyu, na tafi da su Gwarzo na sa a firji.

Ana saura mako cika-ciki aka tura mu aiki ƙauyukan Madadi. Kwana huɗu na yi, ashe tun ranar da na tafi aka ɗauke wuta. Da na dawo, tun daga zaure wari ya tare ni. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ni mai kama mahauta kan ruɓaɓɓen nama, ni na haƙa rami a bayan ɗaki na binne rabin layyar uwata. Wallahi sai da na yi hawaye.

Na je Kabo hannu rabbana, gida cike da jikoki. Inna ta kalli hannuna. Ta fasa kitsen tukunya, ƙamshi ya cika tsakar gida. Tsoka ɗai-ɗai ta raba, don abin da ya rage ke nan, ta sa mini biyu. Sai da na cinye na lura tuwonta da miya ne kawai, babu nama.

Yau ni nake koya wa matasa cewa kanumfari da tafarnuwa suna hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa a nama. Tukunyar tana ɗakina. Duk layya nakan gwada, bai taɓa yin irin nata ba, don har ta rasu kunya ba ta bar ni na tambaye ta awon ba.