Tafiyar Kawu Sale Jos da Waya a Kwanon Sha

Duk wanda ya taɓa shiga mota ɗaya da Kawu Sale ya san kwanon shan nan mai ruwan ɗorawa, wanda murfinsa ya loɓa ta gefe. Ba fura ce a ciki ba. Wayarsa ce, a naɗe cikin safa. Tun ranar da ya ji a rediyo wai ɓarayin zamani ta iska suke shiga wayar mutum, musamman in yana kan hanya, ya yanke cewa tasa ba za ta ƙara shan iska ba in ya bar garinsa Rano. Na taɓa ce masa in ya rufe ta haka ai kira zai yi wuyar shigowa. Ya ce mai nemansa da alheri ya san hanyar shagonsa.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a hannunsa na tashi har aka kai ni ɗaki a Kibiya. Da aka ce kowa a dangi ya rubuto abin da yake tunawa da shi, tafiyarmu ta Jos ce ta fara faɗo mini.

Kun san shagonsa na iri da taki, kun kuma san bai taɓa nisa da shi ba. Inna Hajara kuwa, matarsa, tun tana amarya ya yi mata alkawarin zai kai ta Jos ta ga garin da ake sa rigar sanyi da rana tsaka. Ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su, gwiwa ta fara ciwo, alkawari yana nan inda yake. Sai da ta daina zancen gaba ɗaya sannan abin ya dame shi. Ya ce kwana uku, kafin damina ta sauka. Ni aka ɗauka don in riƙe mata hannu wajen hawa da sauka.

Ana gobe tafiya ya zaunar da Malam Idi, dattijon da suke tsaron shagon tare, ya yi masa huɗuba. Wai yanzu akwai na'urar da take kwaikwayon muryar mutum har da tarinsa. Saboda haka kada ya kuskura ya buɗe babban sito bisa umarnin waya, ko da muryarsa ya ji, sai mai kiran ya faɗi kalmar sirri. Malam Idi ya haddace kalmar. Shi kuwa Kawu ya rubuta ta a guntun takarda ya cusa cikin naɗin hularsa.

A Saminaka muka tsaya sallah, caji ya kusa ƙarewa, na nuna masa rumfar mai caji. Ya dube ni kamar na ce ya ba baƙo makullin gida, ya ce gara wayar ta mutu a hannunsa da mutuncinta. Da muka isa masauki, matar da ta karɓe mu ta yi mana albishir cewa akwai intanet kyauta. Kawu ya tambaye ta wa yake biya, kuma me mai biyan yake nema a wajensa. Daga nan ya ce a ba mu ɗakin da abin ba ya kaiwa. Ta ce ko'ina yana kaiwa. Sai ya tura kwanon ƙarƙashin gado ya lulluɓe shi da bargon Inna. Sau uku a rana yake fito da wayar, kamar mai shan magani. Caji ma a ɗaki kawai ya yarda ya sa ta, yana zaune yana gadinta.

Kashegari da safe, yana buɗe murfi wani ya kira, wai daga ƙungiyar masu sayar da taki, za a yi taro ta waya, ya karanto masa lambobi shida da aka turo masa yanzu. Fuskar Kawu ta washe kamar ranar Sallah. Ya tambayi mutumin ɗan gidan wa ne, wace unguwa, wa yake musu limanci, ya ma samu asuba a jam'i kuwa. Sannan ya shiga karanto masa lambobi daga kansa, a hankali, in an ce ba su yi ba ya ba da haƙuri ya ce idon ne, ya sake ƙirƙiro wasu. A karo na huɗu mutumin ya kashe. Kawu ya wuni yana murna ya ƙona wa ɓarawo kati.

Murnar ba ta kai la'asar ba. Wani maƙwabcin shago ya kira ya ce an tafka ruwa a Rano, ga manoman Lausu nan cike da ƙofar shago suna son irin da aka yi musu alkawari, Malam Idi kuwa ya ƙi buɗe sito. Kawu ya kai hannu ka, ya ji sabuwar hula. Ashe Inna ce ta ga tsohuwar ta yi maiƙo da yawa, ba ta shiga Jos ba ce, ta kulle ta a akwatinta a gida, makullin yana ɗaure a bakin zaninta. Ya dube ta. Ta dubi silin.

Ya kira Malam Idi, muna ji.

"Idi, ni ne. Buɗe sito ka sallami mutanen Lausu."

"To, madalla. Kalmar fa?"

"Tana cikin hula, hular kuma tana Rano."

"Ai dama Alhaji ya ce da uzuri za ku zo."

Ya sake kira ya tuna masa ranar da babur ya kayar da su a hanyar Kahu. Malam Idi ya ce wannan labarin duk Rano an san shi. Wayar Malam Idi kuwa mai maɓalli ce, balle a ce a nuna masa fuska. A kira na uku Kawu ya sassauta murya, har da don Allah.

"Bawan Allah, ka iya aikinka, har tarin ka samu," in ji Malam Idi. "Amma shekara ashirin muna tare, Alhaji bai taɓa kirana da katinsa ba, filashin yake yi. Kai kuwa sau uku yau. Kuma har da don Allah." Ya kashe.

Na toshe baki da mayafi, hawaye na zuba don dariya. Da na juyo sai na ga Inna ta jawo jaka tana linke kaya. Ta san ba zai bar manoma su rasa ruwan farko ba, mu kuwa ba inda muka leƙa ban da tsakar masauki. Ta ce ba komai Alhaji, ai ta ji sanyin, ya isa.

Ya daɗe yana kallon hannunta. Sannan ya ce, "Hajara, mayar da kayan nan. Jos na ce zan nuna miki, ban ce ɗaki ba."

Ana idar da asuba ya shiga mota shi kaɗai. Ya je Rano, ya tsaya a gaban Malam Idi har dattijon ya ƙare masa kallo ya buɗe sito. An ce Kawu bai yi masa faɗa ba, cewa ya yi da ya buɗe tun jiya, da ya kore shi. Kafin magariba sai ga shi ya dawo mana, ƙafa a kumbure, baya ba ya miƙuwa. Mutumin da yake taya ashana, shi ne ya biya kuɗin motar nan zuwa da dawowa, ya kuma ƙara mana kwana biyu. Ya zaga da mu duwatsu, ya kai mu kasuwar kayan lambu, ya saya wa Inna rigar sanyi bayan ya shafe awa guda yana ciniki, tana gefe tana cewa ya bari haka mana, ana kallonmu. Ban taɓa ganin ta yi dariya irin ta kwanakin nan ba.

Ita ce fitarsu ta farko tare, ita ce kuma ta ƙarshe, don damina ɗaya ya ƙara gani.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya sha wuyar hanya don kada ran matarsa ya sosu, Allah ya sauƙaƙa masa tasa tafiyar, ya sauke shi a masauki mai ni'ima. Inna kuma Allah ya ƙara mata haƙuri da lafiyar gwiwa. Amin.