Mai Askin Da Ya Fito A Gawa

Mai askin ƙarshen layi mutum ne mai kamun kai. Ya tsufa a shago ɗaya, da farar rigarsa mai guga da madubai biyu, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. Abin taƙamarsa ɗaya ne: da ƙuruciya ya taɓa fitowa a fim, a matsayin gawa.

Ya yi aikin tsakani da Allah, irin na mutanen da. Aka shimfiɗe shi a tebur, aka toshe masa kunne da hanci da auduga, darakta ya ce kada ya buɗe ido sai an ja masa yatsan ƙafa. Bai buɗe ba. Duk taɓe-taɓen da ya riƙa ji, ya ɗauka makoki ake yi masa. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, shi kuma bai taɓa ganinsa ba.

Ranar da autarsa ta ce samari sun tono fim ɗin za a nuna a tsohuwar silima, sai ya gayyaci mahaifin saurayinta, wani tsohon alƙali mai ɗaure fuska wanda bai gama yarda ya haɗa zuri'a da mai aski ba.

"Fim ne na hawaye, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ka taho da hankici."

Tun daga ƙofar silima mai aski ya ga abin da bai gane ba. Kowane saurayi da auduga a hanci. Da aka fara, sai ga shi kwance, matarsa ta fim tana shafa masa jan-baki. Aka ɗora masa gashin kanti. 'Ya'yansa na fim suka baje karta a kan cikinsa, matar kuma ta shiga rawa da likita tana ɗura wa gawar shayi da cokali. Silima ta ɗauka baki ɗaya: "Ƙara masa, Baba bai ƙoshi ba!"

Mai aski ya sandare. Gumi ya jiƙa farar rigar. Can sai alƙali ya miƙe ya fice.

Mai aski ya bi shi, ya same shi jingine da bango, kafaɗu na girgiza.

"Ranka ya daɗe, idona a rufe yake. Ban san abin da suke yi ba."

Alƙali ya juyo yana share hawayen dariya. "Kai ne? Ashe kai ne gawar? Ni da marigayiya matata mun kalli wannan shirmen har kaset ya tsinke! Zo mu koma, an kusa wurin da suka tura ka a baro zuwa gidan rawa."

"Gidan rawa? Ba maƙabarta ba?"

"Surukina," in ji alƙali, ya kama hannunsa, "ai ba ka ga komai ba tukuna."