Ƙudajen Kailu Mai Kaji

Shekara ashirin da shida Kailu ya yi yana figar kaji da zabi a kasuwar Ajame da ke Abijan, bai taɓa ganin wanda ya zo neman gashi ya bar nama ba sai wata Talata a 1997. Wani tsoho ne, Tonton Ake, Ba'ebiriye ɗan asalin garin, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana dafa abinci a jiragen ruwa. Ya tsuguna gaban kwandon shara yana tsintar gashin zabo ɗaya-ɗaya, yana ɗagawa ga rana kamar mai duba zinariya.

"Tonton, in yunwa ce ka faɗa, akwai ƙafafu," in ji Kailu.

"Aboki, kifi zan ba."

"Kifin Abijan har ya fara cin gashi? Lalle gari ya yi zafi."

Tsoho ya zaro wani gwangwani daga aljihu ya buɗe. Ƙugiyoyin kamun kifi ne a ciki, kowace an yi mata riga da gashi da zare, har da fiffike da wutsiya, sai ka rantse ƙwaro ne zai tashi. Ya ce wajen wani injiniyan jirgi ya koya. Ba tana, ba gutsuren burodi. Kifi zai ga ƙuda ya faɗo ruwa, ya kai masa cafka.

Kailu ya daɗe yana kallo. Shi ɗan Dogondutsi ne, ruwan da ya tashi ya sani na rijiya ne. Matarsa kuwa, Tsahara, 'yar Sarkawan Gaya ce, a gidansu yarinya kan iya tuƙa jirgi kafin ta iya ɗaurin zane. Duk ranar da ya shigo da ƙanƙararren kifin kwali sai ta tare shi a tsakar gida, gaban maƙwabta, ta ce, "Sannu da kokawa, Baban Murja. Bai dai ji maka ciwo ba ko?"

Da ya koma gida unguwar Belbil ranar, bakinsa ya riga hankalinsa. Ya yi alkawari gaban matan gidan haya kaf cewa kafin a ga watan azumi zai kawo kifin da ya kama da hannunsa, kuma da gashin zabo. Tsahara ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Ta ce in ya kawo za ta durƙusa ta gaishe shi a nan inda take. In bai kawo ba, labarin zai kai Gaya kafin goron Sallah.

Haka ya shiga makaranta da furfurarsa. Kowace Lahadi yana unguwar Aras, gindin mangwaron gidan Tonton Ake. An ɗaure tsohuwar filaya a jikin tebur ta riƙe ƙugiya, ga zaren tela, ga almakashi. Yatsun Kailu, waɗanda ke tuɓe zakara tas kafin mai saye ya gama gaisuwa, suka zama kamar taɓare. Ya ja zare ya tsinke. Ya sassauta, gashi ya zame. Ƙudansa na farko da ya gama, Tonton ya juya shi sau uku ya ce, "Wannan tsintsiya ce. Kai wa madam."

A hankali hannu ya faɗa. Ya koyi ɗora wutsiya tukuna, sannan ya naɗe jiki zare kusa da zare, sannan ya kewaya gashin wuyan zakara har ya tashi kamar geza. Kan ƙudan kuma sai an ɗiga masa jan farce don kada ƙulli ya warware. Ranar da ya je sayen jan farcen, mai tebur ta dubi yatsunsa ta tambaye shi ko ja yake so ko ruwan hoda. Kwana uku 'yan layin kaji suna neman ya nuna musu farcensa.

Bayan wata biyu ƙudajensa sun fi na malaminsa kyau, Tonton da bakinsa ya faɗa. Sai dai kifi bai yarda ba. Lahadi biyar suna tsayawa bakin lagin, babban tafkin da ya ratsa Abijan, kusa da gada, Tonton na ciro karfasa, shi kuwa Kailu yana wanke ƙudansa kawai. Da idonsa yake ganin kifi ya taso, ya matso, ya juya da sauri kamar an kira shi gida. Tonton ya duba ƙulli, ya duba jifa, bai ga laifi ba. Ba zai gani ba kuwa, don taba ta kashe masa hanci tun yana jirgi.

Saura kwana tara azumi Tsahara na kakkaɓe ɗaki ta ci karo da gwangwanin da Kailu ke ajiye ƙudajensa. Tana buɗewa ta yi atishawa.

"Baban Murja, me ka zuba wa waɗannan?"

"Turare mana. Gashin ƙarnin kaji yake. Ya za a yi in miƙa wa wani abu yana wari?"

"Wa kake miƙa wa?"

"Kifi."

Ta dube shi, ta dubi gwangwani. Kailu mutum ne da ba ya fita ko sayen ashana sai ya goga turaren mai a tafin hannu, don kada a ce ga mai kaji nan tafe. Kowane ƙuda ya gama ɗaurawa sai ya ɗiga masa, kamar ango za a kai ɗaurin aure.

Da Tsahara ta ja bakinta, da ta samu abin ba da labari har ta tsufa. Ta kuwa yi niyya, har ta mayar da murfi. Amma jinin Sarkawa bai iya ganin ana wulaƙanta ƙugiya.

"Zubar da waɗannan. Ka ɗaura sababbi. Kada ka taɓa kwalbar turaren nan ranar. In ka isa, ka cusa hannunka cikin laka har wuyan hannu, ka murza ƙudan da ita."

"Lakar lagin? Ni?"

"Kai ɗin. Kifi ba sirikinka ba ne."

Lahadin ƙarshe ya fita ba turare, yana tafe yana raɓe-raɓe kamar wanda ya manta wando. Ya cusa hannu cikin laka yana salati. Jifa na huɗu zare ya miƙe, sanda ta lanƙwasa, Kailu ya kurma ihun da ya sa masu jiran jirgin fito suka waiwayo. Karfasa ce, tafin hannu da 'yan kai. Ya ƙi sa ta a leda. A hannu ya riƙe ta cikin tasin haya, woro-woro, har Belbil, yana nuna wa direba.

Tsahara ta karɓa gaban matan gida. Ta buɗe kunnen kifin ta ga ja wur, ta laluba leɓe ta samu hudar ƙugiya. Sai ta gyara ɗaurin zane, ta durƙusa har ƙasa.

"Barka da ruwa, maigida."

Mata suka ɗauki guɗa. Kailu ya tsaya yana amsawa da "yawwa, yawwa," laka na bushewa a hannunsa. Aka soya karfasa aka ɗora kan aceke, dambun rogo, mutum goma sha ɗaya suka ɗanɗana, shi ya samu kai.

Bayan Sallah Tsahara ta ce a ɗaura mata ƙudaje guda uku, masu gashin zabo, ta bi shi bakin lagin da mayafinta. Kafin azahar ta ciro bakwai, shi ko ɗaya. A hanyar dawowa duk wanda ya yaba kifin, Kailu sai ya tsaya ya yi masa bayanin wanda ya ɗaura ƙudan.