Tasar Aurena da Kifin Malam

Malam ya yi shekaru yana aiki a tashar jiragen ruwa a Ikko. Da ya ajiye aiki muka dawo gidan gado a Yakasai, abin da ya fi ji da shi cikin kayansa shi ne akwatin gilashi mai kifayen teku huɗu da wani ɗan jan jatan lande. Ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. A lungun ɗakinsa akwai manyan robobi biyu farare masu murfi. A cikinsu yake haɗa tataccen ruwa da wani gishiri da ake aiko masa a buhu, ya bar shi ya kwana, duk mako biyu ya rage na akwatin ya zuba sabo. Ya nuna mini awon gishirin, ya ce kada sabulu ya taɓa robobin. Iyakar abin da na riƙe ke nan.

Ya rasu wata Talata bayan la'asar.

A kwanakin zaman makoki gida ya cika, mazubi ya yi kaɗan. Wata cikin masu girki ta buɗe roba ta ɗanɗana, ta ce an ɓata ruwa da gishiri. Suka tuntsurar da robobin biyu a kwata, suka yi ta wanke-wanke a ciki da garin sabulu har kwana bakwai. Ban sani ba sai da jama'a suka watse. Ban yi wa kowa magana ba, domin taimako suka zo yi.

Ina cikin takaba, ba ni da halin zuwa kasuwa. Na aiki ƙanin Malam neman wani mazubi, ya dawo da wata shuɗiyar ganga.

“Wanki uku aka yi mata, Hajiya,” in ji shi.

Na sa hancina. Warin sinadarin rini na nan a ƙasa. Na ce ya mayar.

“Ke da Yaya dai halinku ɗaya. Kifin nan ko mai sarauta ne?”

Aka shiga mako na huɗu, ruwan akwatin ya fara dushewa, kifayen suna yawan tasowa sama. Sai na tuna babbar tasar tagulla da mahaifiyata ta sa mini a kayan ɗaki. Ba ta taɓa ganin sabulu ba, ba a taɓa cin abinci a cikinta ba. A duk gidan babu abin da ya kai ta tsabta a idona, kuma na ga ya dace kayan Malam su sha daga gare ta. Na goge ta da toka da lemon tsami har ta ɗauki ido, na ɗauraye, na haɗa ruwan daidai awo. Kwana biyu ya yi a ciki. Na ga wani ɗan kore-kore a bakin tasar, na ɗauka hasken ganyen darbejiya ne. Na zuba.

Washegari jatan landen yana kwance a kan yashi. Zuwa Juma'a kifi biyu sun bi shi.

'Yata da ke aure a Zariya, da ta ji labari, ta nemi mai sayar wa Malam gishiri ta waya, sannan ta kira ni.

“Umma, a me kika haɗa ruwan?”

Na faɗa mata.

“Ya ce gishiri yana cin tagulla, abin ya narke a ruwa, guba ne gare su. Kowane ƙarfe ma ba a so. Umma, ai ba ki sani ba.”

Na ce haka ne, ban sani ba. Amma sau nawa Malam yana bayani a gindin akwatin nan, ni kuwa hankalina yana kan tukunya.

Ta karanto mini abin da za a nema: roba sabuwa dal irin ta ajiye abin ci, wadda ba a taɓa zuba komai a cikinta ba, mai murfi, a ƙasanta da alama mai kusurwa uku da lamba biyu ko biyar. Ƙanin Malam ya koma kasuwa, waya a kunne.

“Kifa ta ka duba ƙasan,” na ce.

“Na kifa ta shida ke nan, mai shago ya fara hararata. Ko neman aure ban yi wannan binciken ba.”

“Lamba nawa?”

“Biyu.”

“Sansana.”

Na ji ya ja numfashi. Bai ƙara yin wasa ba. Ya ce, “Ba ta warin komai, Hajiya.”

Kullum sai na canza wani kaso na ruwan, kamar yadda mutumin ya ce. Kifi na uku bai kai Litinin ba. Saura ɗaya, ɗan rawaya, wanda ya fi su tsoro, ya shige bayan dutse ya ƙi cin komai. A rana ta biyar na yafa abinci, ya fito ya ɗauki ƙwaya biyu ya koma.

Da 'yata ta zo gida na sa ta rubuta a jikin robar da manyan baƙaƙe cewa ba ta wanke-wanke ba ce. Tasar kuwa na mayar da ita saman kabad. Koren zoben yana nan a bakinta, ban goge ba.