Ruwan da Bai Bi ta Baki Ba

Jiya ina sakar wa albasa ruwa a fadama, sai Baba ya faɗo mini a rai. Da ƙodarsa ta gaza, ta bututun roba ake zuba masa ruwa a ciki, daga baya a tsiyaye shi. Likita ya ce akwai ƙananan magudanai a fatar cikin, su ke wuce da ruwan, su kare fatar. Har yau ban gane ba.

Baba ya shafa ciki ya ce, "To likita, wannan ruwan yana karya azumi?"

Malamai biyu muka tambaya, kowa da tasa amsar. Haka Baba ya kai magariba, leɓe a bushe, ciki cike da ruwa.

Allah ya shayar da kai Alkausara, Baba, ta baki.